Kwaɗo Biyu a Ƙofar Gwaggo

Tagar ɗakina tana kallon dakalin da mazan layinmu suke zama, shi ya sa duk shawarar da aka yanke a unguwarmu ta Wudil, ko aka kasa yankewa, nakan ji ta ɗanya kafin mai gidana ya shigo ya ba ni labarinta a gyare. Ni malamar firamare ce, hayaniya ba baƙuwata ba ce. Amma ban taɓa ganin mutane sun daɗe suna magana a kan abu ba tare da sun taɓa shi da hannu ba kamar shekarar da aka kulle Gwaggo.

Ba gwaggona ba ce. Yayar marigayi maƙwabcinmu ce, tsohuwa ce da Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijinta ya rasu a Achika sai ta dawo gidan ubanta, ta goya 'ya'yan ƙanin nata maza biyu har suka yi gemu. Kowa a layin Gwaggo yake ce mata, har liman. Ɗakinta yana can ƙuryar gida, kuma katangar da ke bayan 'yar tsakar gidanta ita ce katangar madafata. In tana tari ina ji, in na ƙona miya tana ji, ta kuwa faɗa mini.

Da maƙwabcin namu ya rasu, ba a gama cin gumbar sadaka ba 'ya'yan nan biyu suka fara yaƙi a kan gidan. Babban dillalin shanu ne a Kara, ƙaramin kuma yashi yake haƙa a kogi yana sayar wa masu gini. Aka kai magana kotu, kotu ta yi ta ɗagawa domin duk ranar da ɗaya ya je, ɗayan yana da uzuri. Babban ya gaji ya ja katangar bulo a inda yake ganin iyakarsa take. Ƙaramin ya ce bai yarda da katangar wani ba, shi ma ya ja tasa. Kowa ya fasa ƙofarsa ta titi. Tsakanin katangun nan biyu aka bar wani siririn lungu da ya tashi daga tsohon zaure ya ƙare a ɗakin Gwaggo, lungun da in kina da jiki irin nawa sai kin bi shi a karkace.

Abin da ya jawo wa Gwaggo masifa shi ne tana da gado a gidan, tun na ubanta, wato ɗakin nan da filin gabansa. Kowane ɗa ya tsorata kada ɗan'uwansa ya lallaɓa da shaidu ya sa ta ce ta ba shi kyauta. Wata safiya muka tashi muka ga babban ya sa kwaɗo a ƙofar tsohon zauren. Kafin azahar ƙaramin ya sayo wanda ya fi shi girma ya ɗora a sama. Daga ranar ba mai shiga wurin Gwaggo, ita ma ba ta fita, sai in su biyun sun tsaya tare kowa da makullinsa, su da ko a sahun salla ba sa yarda kafaɗarsu ta haɗu.

Da farko matansu suna miƙa mata abinci ta kan katanga, kowace ta ɓangarenta. Sai babban ya ce tuwon gidan ƙaninsa akwai asiri a ciki na juyar da tunanin tsohuwa. Ƙaramin ya ce ai dama ya daɗe yana zargin furar gidan wansa. Na jawo turmi na hau na leƙa, na tarar da kwanuka biyu a rufe a ƙofar ɗakinta, ƙuda na zagayawa.

“Gwaggo, ina kwana? Ya ƙarfin jiki? Me ya sa ba ki ci ba?”

“Lafiya lau, 'yar nan. Ya yaran? Ya makaranta?” Sai da ta gama gaishe ni tsaf sannan ta rage murya. “In na ci na wannan, wancan ya daina gaishe ni ta katanga. In na ci na wancan, wannan ya yi ta buga ƙofa yana zagin matarsa. Ni na goya su duka. Gara in ce ba na jin yunwa.”

Tun ranar na ɗaura wa bokiti igiya. Kunu da safe, tuwo da rana, ruwa duk lokacin da na ji ƙarar moɗa a gindin randa.

Mazan dakali kuwa ba su yi sake ba, suka zauna a kan maganar. Sai dai dakalinmu yana da tsarinsa tun kafin a kawo ni layin. Ba a ƙidaya hannu. Akwai dattawa biyar da suke zama a kan dakalin kansa: liman, wani mahauci, wani magini, tsohon direban tirela, da mai shagon magani. Sauran maza, har da mai gidana, a tabarma suke, suna da bakin magana amma ba su da rigar kaɗewa. Domin al'adar ita ce, komai nisan da shawara ta yi, in ɗaya daga cikin biyar ɗin ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce bari ya je ya kama ruwa, to magana ta mutu, ba wanda zai sake ta da ita a ranar. A kan wannan kuma akwai dokar da ta girmi dakalin: namiji ba ya wuce zauren wani sai mai gida ya ce bismilla.

Zaman farko ya yi armashi. Kowa ya nuna takaicinsa, aka yi Allah wadai, liman ya jawo abin da addini ya ce game da haƙƙin tsofaffi. Aka kai ga cewa a kira babban a umarce shi ya cire kwaɗonsa, tunda shi ya fara. Sai mahaucin nan, wanda duk Juma'a ta hannun babban yake samun bijimi mai sauƙi, ya miƙe ya kaɗe riga. Washegari aka ce to a fara da ƙaramin, tunda yaro ne. Sai maginin, wanda rabin gidajen da ya gina da yashin ƙaramin ya gina su, ya tuna bai kama ruwa ba. Na rantse a watannin nan ba a taɓa yin unguwar da dattawanta suke yawan fitsari kamar tamu ba.

Gidan da ke kallon namu wani malamin jami'a ne yake haya, Kirista daga kudancin Gombe, muna ce masa Dakta. Matarsa nas ce, ƙawata ce, Sista nake ce mata. Wata ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci na shiga kai mata daddawa, ina ta zazzaga mata takaicina, shi kuma yana zaune a baranda yana duba takardun ɗalibai. Can ya cire tabarau ya ce:

“Malama, kin san darasin da nake koyarwa kuwa? Zaman lafiya da sasanta rikici. Wannan da kike faɗa shi ne abin da zan shiga aji da shi gobe, sai dai ni da sunayen ƙasashe.”

“Dakta, ƙasashe kuma? Ni maganar tsohuwa nake yi.”

“Ai su ma maganar tsofaffi da yara ce. A dokar duniya kowace ƙasa gida ce. In 'yan gida suna yaƙi da junansu, maƙwabci ba shi da ikon shiga da ƙarfi sai masu gida sun gayyace shi, ko kuma majalisar manya ta ba da izini.”

“Ko da ana kashe waɗanda ba ruwansu?”

“To, nan ne aka ɗan yi gyara. Ƙasashe sun yarda cewa kare mutane nauyi ne a kan mai gida, in ya kasa ko kuma shi ne ma yake cutar da su, nauyin ya koma kan sauran duniya.”

Na ji daɗi har na gyara zama. Na ce ashe akwai masu hankali a duniya, sai a shiga ke nan.

“Sai a kai maganar majalisar manyan,” in ji shi.

“In ɗaya ya kaɗe riga fa?”

“Mu hawa kujerar naƙi muke cewa. Sai a sake zama.”

“Su ma suna sayen shanu da yashi a wurin masu faɗan?”

Ya yi dariya har takardunsa suka zube. Ya ce makamai da man fetur, amma kusan duk ɗaya ne. Sannan ya daina dariyar ya ce kada in raina dokar gaba ɗaya. An sa ta ne domin kada duk mai ƙarfi ya riƙa faɗa wa gidan marar ƙarfi da sunan ceto. Ya ce akwai waɗanda suka shiga ba izini suka ceci rayuka, akwai kuma waɗanda suka shiga suka bar gidan ya fi yadda suka same shi lalacewa, suka fito da abin da ba nasu ba a aljihu. Na ce duk na ji, amma ni bokiti kawai nake da shi. Ya ce bokitin ma yana da suna a littafinsu, wai agajin jin ƙai, kuma in shirya, za a yi ƙorafi a kansa.

Ba a yi nisa ba kuwa babban ya zo dakali da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun rasuwar ubansa. Ya ce matar wane tana keta masa haddi, tana jefa abinci ta saman katangar ubansa ba da saninsa ba, kuma wa ya san saƙon wa take kaiwa? Da ƙaramin ya ji, shi ma ya zo ya ce ya lura igiyar bokitin ta fi karkata ɓangaren wansa. Wannan ne karo na farko da 'yan'uwan nan suka yarda da juna a kan wani abu, kuma karo na farko da dakali ya yanke hukunci ba wanda ya kaɗe riga: a ja wa matar wane kunne. Mai gidana ya shigo yana sosa ƙeya.

“Malama, an ce ki ɗan sassauta.”

“In sassauta me? Igiyar ko yunwar?”

Ya koma sosa ƙeyarsa. Mutumin kirki ne, amma ya fi tsoron a ce ya kasa riƙe gidansa a kan a ce maƙwabciyarsa ta kwana da yunwa, kuma na faɗa masa haka a fuskarsa. Ban daina ba. Shi ma, in faɗi gaskiya, bai sake hana ni ba, ya dai koma ficewa daga gida duk lokacin da ya ga na ɗauko igiya, don in an tambaye shi ya rantse bai gani ba.

Don kada a ce ba su yi komai ba, dattawa suka sa wa 'yan'uwan takunkumi: kada wanda ya sake amsa gaisuwarsu a layi har sai sun buɗe ƙofa. Ya yi aiki sosai daga Talata zuwa Alhamis. Ranar Juma'a kasuwa ta ci, aka ga mahauci da babban a Kara suna tafawa a kan wani bijimi. Da aka tuhume shi ya ce dakali gaisuwar layi ya hana, bai ce komai a kan ta kasuwa ba.

Da damina ta sauka Gwaggo ta zame a ƙofar banɗaki ta faɗi. Na zura bokiti na ji ba a kama ba, na hau turmi na gan ta a kwance a ƙasa tana ƙoƙarin jan zaninta ta rufe ƙafa, wai kada in gan ta a haka. Sista ta zo da tsani, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta haura. Ta ja Gwaggo zuwa ɗakinta da ke manne da katangata, ta gyara ta, ta dawo fuskarta ba walwala. Ta ce ƙashin ƙugu ne, sai asibiti, kuma ba a ɗaga mai irin wannan karaya ta saman katanga kamar buhun masara. Ko dai a buɗe zaure a fito da ita a zaune a kujera, ko a fasa ƙofa ta madafata.

A ranar ne na ji Gwaggo ta roƙi wani abu a karo na farko tunda na san ta. Ta ce, “'Yar nan, ki ce musu su fitar da ni. Ɗakin ma na bar musu. Ni dai a fitar da ni.”

Na aika wa dakali da maganarta kalma bayan kalma. Na ɗauka an gama. Ashe na ƙara wa wutar fetur ne, domin “na bar musu” ta zama sabuwar shari'a: wa ta bar wa, a gaban wa, kuma tana cikin hayyacinta? Duk da haka liman ya matsa har aka samu yarjejeniya, za a tsagaita, kowa ya kawo makullinsa bayan sallar la'asar. Ƙaramin ya zo da nasa, babban ya tafi Darki ganin wasu shanu. Washegari babban ya zo yana kaɗa makulli a yatsa don kowa ya shaida, ƙaramin yana tsakiyar kogi. Kowannensu ya samu ranar da zai riƙa ba da labari cewa shi ya zo.

Aka koma kan fasa katangata. Dakta da kansa ya je ya tsuguna a gefen tabarma, duk da shi baƙo ne ba ya cikin zaman, ya ce ya roƙe su don Allah, matarsa ta ce kwanakin tsohuwar nan ba su da yawa in ba a kai ta asibiti ba. Aka yi masa godiya mai tsawo, aka yaba da zamansa lafiya da mutane, aka ce za a duba. Sai aka shiga duba ɗin. Katangar ta wa ce, tamu ko ta marigayi? In ta mutum biyu ce, izinin ɗaya ya isa? In an fasa wa zai mayar? Faɗin nawa za a fasa, kada ƙofar ceto ta zama hanyar da gobe wani zai ce tasa ce? Tsohon direba ya ce a balle kwaɗunan kawai, mai shagon magani ya ce wannan fasa gida ne, a kotu zai ƙare. Magini ya ce shi a sana'arsa ba ya taɓa katangar da ake shari'a a kanta, ya miƙe ya kaɗe riga.

Ina jin su ta taga, ina jin nishinta ta katanga. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na ɗauki taɓarya na nufi katangar na fara dukanta. Bulo uku na girgiza kafin mai gidana ya shigo da gudu ya riƙe hannuna.

“Ke kin san inda kanta yake? In bulon nan ya rufta ciki ya faɗa mata, wa ya kashe ta? Su ko ke?”

Na tsaya da taɓarya a sama. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi ba ni haushi fiye da ƙaryar dakali. Fasa katanga aikin mai sani ne, mai sanin kuma yana waje yana kama ruwa. Na ajiye taɓaryar na zauna a kan turmi na yi kuka, ita kuma tana ce mini daga ciki in yi haƙuri, kada in ɓata da mijina saboda ita.

Sista ta ci gaba da haurawa safe da yamma da allurar rage zafi, tana juya ta, tana wanke ta. Wata safiyar Laraba ta haura, ta daɗe ban ji motsinta ba, sannan ta leƙo ta saman katanga ta ce, “Malama, sai haƙuri.”

Kafin in gama salati labari ya zaga layi. Ga babban da makullinsa, ga ƙaramin da nasa, sun iso ƙofar zaure tare kamar an auna, suna kuka da majina. Kwaɗo biyu suka buɗe cikin ƙiftawar ido. Mata suka bi lungu a karkace suka yi mata wanka suka suturta ta. Sai aka kawo makara daga masallaci, aka tura ta lungun, ta ƙi shiga. Aka karkata ta, aka ce ba a ɗaukar gawa a karkace. Aka tsaya cirko-cirko.

Liman ya ɗaga kai ya dubi rana ya ce gawa ba ta jira. Iyakar abin da aka ce ke nan. Ba wanda ya koma dakali, ba wanda ya tambayi ta wa ce katanga. Magini ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙofata, ya ce a kawo masa guduma da kurfi. Maza suka cika gidana, har madafa, waɗanda shekara da shekaru ba su taɓa wuce zaurena ba, mahauci yana karɓar bulo yana miƙa wa direba. Aiki mai tsabta ya yi, ko ɓarɓashi bai faɗa ciki ba. Kafin masu haƙar kabari su aiko cewa sun gama, akwai ƙofa a madafata da bijimin sa zai iya wucewa.

Ya share gumi, ya juyo ya gan ni a tsaye a bakin murhu, ya ce cikin ladabi, “Malama, a yi haƙuri da ɓarnar da muka yi miki. Faɗin ya isa, ko a ƙara?”

Sista ce da ke gefena ta amsa, ba da ƙarfi ba, amma duk wanda ke madafar ya ji ta.

“Ya isa, Baba. Da tana da rai, rabin wannan ma ya ishe mu.”

Suka shiga suka ɗauko ta, babban a gaba, ƙaramin a baya, suka ratsa ta tsakar gidana da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, na gani a kafaɗunsu.